Tafasasshen Ruwa a Durom ɗin Ghassan

Rana ta yi ja a kan rufin gidajen unguwar Greenacre sa'ad da Ghassan ya fito lambu riƙe da buta tana tururi. Wata takwas ke nan yana tara ɓawon dankali da busasshen ganye a baƙin durom ɗinsa, yana jiran su ruɓe su zama takin itacen ɓaurensa. Yau kuma ya ga tsutsa a ciki, ransa ya ɓaci.

"Magariba ce fa, Baban Rawan," in ji matarsa Hiyam ta taga. "Ko bisimilla ka yi."

Ghassan kuwa mutum ne da sai an hana shi abu yake ƙara sauri. Ya ɗaga murfi ya tuttule ruwan. Wani abu ya yi huci. Wata ƙatuwar kulɓa mai kaurin damtse ta ɗago kai, ta zaro shuɗin harshe, ta tsaya tana kallonsa har ya mayar da murfin.

Washegari aka fara jifa. Da an kira sallar magariba sai tsakuwa ta soma sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Maƙwabcinsu Trevor ya leƙo ta katanga ya ce fosam ne, wata 'yar dabbar dare mai hawan bishiya, ke yawo a rufi. Ghassan ya sayo tarko, ya sare reshe, ya zagi 'ya'yan unguwa. Duk a banza.

Rana ta huɗu 'yarsu Rawan, wadda ke karatun aikin jinya, ta daina magana. Kullum da yamma sai ta je ta durƙusa gefen durom ɗin, ta ɗora tafinta a kan murfin. Asibiti suka duba, suka ce ƙalau take. Takaici ya ishi Hiyam, ta kira Shehi Badawi, wani tsoho mai ruƙiyya daga unguwar Auburn.

Ya zauna a kan ciyawa yana karatu a hankali. Lambun ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Can bakin Rawan ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito a shaƙe.

"Jego nake a cikin durom ɗin. Ya ƙona mini ɗa."

"Bai sani ba, baiwar Allah," in ji Shehi.

"An gaya masa. Ina ji."

"To yarinya me ta yi miki? Faɗi abin da kike so, ki fita."

"Ya bar mini durom ɗin. Kada ya buɗe, kada ya ɗiba, har abada."

Shehi ya juyo ya dubi Ghassan. Shi kuma, Allah ya shirye shi, sai ya juya ya dubi ɓaurensa ya ce:

"Duka? Ko rabi ba zan kwasa ba?"

"Ghassan!" Hiyam ta daka masa tsawa. "'Yarka ce a ƙasa!"

"To, to. Na bar mata."

Rawan ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta. Aka shafa mata ruwa a fuska, ta buɗe ido. Ghassan ya matso da sauri ya miƙa hannu zai ɗaga ta, amma ba ta kama ba.

"Baba," ta ce da muryarta ta ainihi, a gajiye, "ina jin komai fa. Na ji ka ce rabi."