Hannu a Cikin Shuɗin Tawada

Da ƙarfe tara na safiyar Laraba Mai Tawada ta ɗage kwalin da ta kife a kan aikinta, ta ɓare faifan daga mazubinsa na roba, ta juya shi ya fuskanci taga. Zoben ba ya nan. A gurbinsa akwai hannu.

Ba hannun nama ba. Sawun yatsu ne guda biyar, sirara, sun ratso shuɗin tawada sun tsaya cak a cikin faifan, kamar na wanda ya nutse a rijiya yana laluben abin kamawa. Tabarau na nan inda ta ajiye shi, allurar saƙa ma tana nan. Zoben zinariya kaɗai ya tafi.

Shekara shida ke nan tana wannan sana'a a wani ɗaki na bene. Takan gauraya ruwa iri biyu da masu aikin ke kira rezin, ta zuba a mazubi, ta ɗiga masa tawadar sifirit. Farar tawada ta fi nauyi, ita ke jan sauran launuka ƙasa, su sauka zare-zare kamar saiwar bishiya. Bayan kwana ɗaya abin ya daskare ya zama faifai mai kama da gilashi. Mutane kan kawo mata kayan mamatansu ta rufe musu a ciki don tunawa. Shi ya sa kantocin ɗakin ke cike da maɓallai, busassun furanni da agogunan da suka daina tafiya, kowanne a tsaye cikin ruwan da ba ya motsi.

Masu wannan faifan mutum biyu ne, Yaya da ƙanenta Auta, kuma suna tsaye a bayanta lokacin da ta juya shi. Zoben, kamar tabarau da allurar da ke cikin faifan, na mahaifiyarsu ne, wadda ta rasu wata huɗu da suka wuce. Sun yi ta jayayya a kansa har kawunsu ya raba gardama: a rufe shi a inda kowa zai gani, ba mai sawa.

Auta ya ja da baya har ya bugi ɗaya daga cikin kantocin. Ya ce Inna ce ta zo ta karɓi abinta. Yaya ba ta ko dubi faifan sau biyu ba. Ta ce matattu ba sa sata, rayayyu ke yi, ta ciro waya da hannun dama ta kira 'yan sanda. Ta rantse sai Mai Tawada ta kwana a bayan kanta.

Wanda aka turo tsohon Sufeto ne da abokan aikinsa ke kira Sannu-Sannu, don gwiwarsa ta dama ba ta son matakala, shi kuma ba ya son gaggawa. Ya hau benen yana hutawa. Da ya shiga bai gaisa da kowa da tsawo ba. Ya shaƙi warin ɗakin, ya dubi tagogin da aka liƙe saboda ƙura, sannan ya ce a mayar masa da faifan cikin mazubinsa, yadda yake kwance jiya. Ya ɗora hannunsa na dama a samansa. Yatsun ba su dace ba. Ya ɗora na hagu, babban yatsa ya faɗa daidai kan babban yatsa.

"Na faɗa muku," in ji Auta a hankali. "Inna bahaguwa ce."

"To, Allah ya ji ƙanta," in ji Sufeto. "Amma shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa kama mamaci ba. Kowa ya nemi wuri ya zauna."

Ya fara da Mai Tawada. Ta ce da ƙarfe goma na safiyar Talata ta yi zubin a gaban su biyun, ta kife kwali, ta kulle ɗakin, ta rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofar Tela, maƙwabcinta, kamar kullum. Daga nan ta kai mijinta wankin ƙoda, ba su fito ba sai bayan huɗu. Ta nuna katin asibiti. Ta ce ba ta ɗaga kwalin ba, don ƙura ɗaya kan ɓata aikin mako. Tana magana tana murza gefen zanenta. In aka ce ta saci kayan mamaci, ta ce, ba mai sake kawo mata ko maɓalli, kuma da wannan ɗakin take jinyar mijinta.

Sufeto ya tambaye ta abin da zai faru in mutum ya tsoma hannu a ruwan kafin ya daskare. Ta ce ya danganta da lokaci.

"To, ashe agogo kika zuba, ba faifai ba," in ji shi. "Zuba mini uku."

Ta haɗa ruwan a ƙananan kofuna uku, ta jefa maɓalli a kowanne, ta ɗiga shuɗi da fari. Ƙarfe goma ne daidai. Tawadar ta buɗe a saman ruwan, ta tsuke, ta sake buɗewa, kamar abu mai numfashi. Auta ya kau da kai.

Sannu ba ta hana zuwa. Kafin awa ta cika Sufeto ya leƙa wurin Tela, wani siririn mutum mai bakin magana. Tela ya ce shi dai tsoron ɗakin nan yake ji, ko da rana ba ya shiga, don ba ya son tabarau marasa fuska su riƙa kallonsa. Ya ce in sata zai yi, yadin mutane ya ishe shi. Sufeto ya ce ya nuna aikin da ya yi jiya. Ya ciro farar riga doguwa wadda ya ɗinka daga azahar zuwa yamma. Sufeto ya juya ta ciki da waje, ba ɗigo ko ɗaya. Ya dubi yadda Tela ke riƙe almakashi, da dama. Sai ya ciro makullin daga ƙusa ya kai shi bakin taga. A kansa akwai ɗan tabo shuɗi, mai ƙyalli, ya bushe ƙam. Ya kankare da farce, bai fita ba.

Ƙarfe sha ɗaya ya sa safar hannu ya ciro maɓallin farko. Ruwan ya koma ya rufe, tawadar ta gauraye ta zama hazo, ba sawun komai.

Sai ya sauka tsakar gida wurin famfo. A kan marfin famfon akwai irin tabon nan, guda uku a jere. A jikin sabulun da ke gefe ma akwai. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya hau ya kira Auta.

Auta direban babbar mota ne. Ya ce da sha ɗaya da rabi ya bar tasha, bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Sufeto ya buga wa shugaban tashar waya, aka tabbatar. Ya ce ya miƙo hannuwansa. Manya ne, kamar faranti, yatsa ɗaya ya kai biyu na cikin faifan. Sufeto ya tambaye shi, kamar mai hira, ko akwai wanda ya gaji hagun Inna a gidan. Auta ya ɗan yi murmushi karon farko. Ya ce Yaya ce, tana ƙarama, amma malaminsu ya yi ta dukan hannun da rula har ta koma dama. Yanzu ko cokali da dama take ɗauka.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan Sufeto ya sake sa safar hannu. Ruwan kofi na biyu ya yi kauri kamar zumar da ta kwana a sanyi. Yana tsoma yatsu, sai ɗakin ya yi tsit. Keken ɗinkin Tela, wanda ke ta ƙara tun safe ta bayan bango, ya tsaya. Aka ji takunsa yana sauka matakala. Mai Tawada ta ce 'yarsa ya tafi ɗaukowa daga makaranta, kullum haka yake, rabin awa, kuma ba ya kulle ƙofa.

Sufeto ya zaro maɓallin. Saman ruwan ya lallaɓa ya rufe, ya koma sumul. Amma a ciki sawun yatsunsa biyu ya tsaya, shuɗi, bai motse ba.

Ya jira har ƙarfe uku. Kofi na uku ya riga ya yi tauri kamar danƙo, da ƙyar maɓallin ya fito, ya bar rami a buɗe wanda makaho ma zai shafa ya ji.

Duk tsawon wannan zama Yaya na kan kujerar roba kusa da ƙofa. Ɗakin da zafi, kowa na fifita, ita kuwa hannunta na hagu na cikin mayafi, jakarta na kan cinya ta danne ta da gwiwar hannu. Sau uku tana tambaya yaushe za a tafi da ɓarauniya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sufeto ya jera kofunan a kan tebur, ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Awa uku bayan zubi aka ciro zoben, wato wajen ƙarfe ɗaya na ranar Talata. A lokacin Mai Tawada na asibiti. Kuma da ita ce, da ta ɗauke shi da hantsaki a awar farko, ba wanda zai ga sawu. Wanda ya yi wannan bai san aikin ba, shi ya sa ya ruga famfo, alhali ruwa da sabulu ba sa wanke rezin, sai sifirit. Tela ya ɗinka farar riga da hannu mai tsabta. Auta na kan hanya. Saura wanda ya ga inda aka rataye makulli, mai siraran yatsu, wanda ya ɗaga kwali da dama ya tsoma hagu.

Ya juya wajen Yaya. "Hajiya, ina kike da ƙarfe ɗaya jiya?"

"Ina gida."

"Wa ya gan ki?"

"Sai an gan ni? Ni aka yi wa sata, Sufeto. Kuma da dama nake komai, tambayi kowa."

"Na tambaya. Rula na koya wa hannu ladabi a gaban mutane. In mutum ya kaɗaita, zuciyarsa na bugawa, hannun da aka haife shi da shi ne ke fita. Hali zanen dutse. Miƙo hagun."

Ta ce man suya ne ya ƙone ta. Ya ce ba komai, shi ma ya taɓa ƙonewa. Ta daɗe kafin ta fitar da shi. Fatar yatsun ta yi ja, ta yi ƙuraje saboda dirza. Sufeto ya jiƙa auduga da sifirit, ya goga a gefen farcenta sau ɗaya, ya ɗaga audugar kowa ya gani. Ta yi shuɗi.

"Yaya," in ji Auta.

Ita da kanta ta buɗe jakar. Ta sa hannu ta ja, abin ya ƙi fitowa. Jiya ta naɗe zoben da danshinsa a hankici ta cusa a ƙasan jaka, ya kwana ya daskare, ya manne da shafin jakar. Sai da Tela ya kawo almakashi aka yanke. Abin da ya fito dunƙule ne mai tauri kamar dutse, hankici a cukurkuɗe, gefen zinariya kaɗan na leƙowa. Ko yatsan jariri ba zai shiga ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce shekara bakwai tana juya Inna a kan gado, tana wanke ta, tana ba ta abinci a baki, Auta na kan titi. Da yatsun Inna suka rame ita ta naɗa wa zoben zare don kada ya faɗi. Sannan a ce ita da wanda ke zuwa gaisuwa ranar hutu rabonsu ɗaya, kallo ta bayan gilashi.

Sufeto ya ce wannan magana ce da ya kamata kawunsu ya ji, kuma mai yiwuwa tana da gaskiya a ciki. Amma ba ita ta sa ya hau bene da gwiwa ɗaya ba. Ya nuna Mai Tawada. Ya ce jinyar shekara bakwai ba ta ba wa mutum izinin tura wata mai jinya gidan yari. Wanda ya san zafin abu shi ya fi cancanta ya ji tausayin mai ɗauke da shi. Ya ce wa Yaya ta tashi su je ofis ta maimaita abin da ta faɗa a rubuce.

Da suka kai ƙofa Auta ya tambayi Mai Tawada ko za a iya gyara faifan, a goge hannun.

Ta girgiza kai. Ta ce tun farko ta gaya musu, abin da ya shiga ya daskare ya shiga ke nan.

Auta ya ɗauki faifan da hannu biyu ya ɗaga shi saitin taga. Hasken la'asar ya ratsa shuɗin. Ga tabarau na Inna, ga allurarta, ga yatsu biyar a miƙe suna lalube a inda babu komai. Da safe, da ya ɗauka hannun matacciya ne, ya iya kallonsa. Yanzu ya nemi tsohuwar jarida ya naɗe shi, ya juya fuskar ƙasa, sannan ya bi su a matakala.