Barci Kika Zaɓa

"Rufe ƙofar ki zauna."

Yadda Oga ya zare tabarau ya ɗora a kan fayil kawai ya ishe ni sanin ba lafiya ba. Na ɗosana a bakin kujera, na danne hannuna na dama da na hagu don kada ya ga rawar da yake yi.

"Wanda za ki aura... shi kamfanin fenti suka ɗauka shugaban sashen kuɗi?"

"Shi ne, Oga. Satin nan ya fara."

"Kuma ba ki ga ya dace in ji daga bakinki ba?"

Ta gilashin ofis ina hango Ƙwas-ƙwas, abokiyar aikina da ƙarar takalminta ta jawo mata sunan, ta duƙufa a kan kwamfuta kamar ba ita ta kai gulmar ba. Kujerar manaja da ake shirin ba ni, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kanta.

"Kin san ƙa'idar aikinmu," in ji Oga. "Odita ba ta bincikar lissafin da mijinta ya rubuta. Da babban ofis ne, sai in mayar da ke wani sashe. To mu nan kamfanin fentin nan shi ke ciyar da mu, kowa a kansa yake aiki. Ba zan sake su ba. Ko shi ya ajiye nasa, ko ke ki ajiye naki, ko kuma..."

Bai ƙarasa ba, amma na ji. Ko kuma a fasa auren.

"Kafin ƙarshen wata nake son amsa."

Na fito na wuce banɗaki, na murza makulli, na jingina da ƙofa ina jiran kuka.

Kuka bai zo ba.

Dariya ce ta zo!

Na toshe baki da gefen mayafi ina dariya har cikina ya ƙulle. Wallahi rabon da in ja numfashi ya sauka har ƙasan ƙirjina haka, na manta.

Gaskiyar magana, na gaji. Ba irin gajiyar da hutun Asabar ke warkarwa ba. Gajiyar da ta sa in wayata ta yi ƙara gabana ke faɗuwa, ko da kuwa Mama ce. Gashina yana bin mataji. Fatar idona tana rawa, hannuna yana rawa. Na taɓa yin barci a mota ina jiran fitilar hanya ta ba da hannu, sai hon ɗin mutane ya tashe ni da zagi. A ofishinmu babu wani wata mai sauƙi: a gama rufe shekarar wannan kamfani, a faɗa harajin wancan, Oga na tsaye a kai yana cewa jiya ya kamata a ce an gama. Kuma duk wanda ya tambaye ni ya aiki, amsa ɗaya ce.

"Lafiya lau, mun gode Allah."

To ga shi yau an buɗe min ƙofa. Zan fita, kuma babu mai cewa na gaza. Cewa za a yi ta bar aiki saboda so.

Da yamma Dogo, wanda zan aura, ya zo ƙofar gidanmu. Dogo nake ce masa, shi kuma Mai Koren Biro yake ce min, saboda koren biron da muke yi wa takardun mutane alama da shi. Na ba shi labari, na ga fuskarsa ta sauya. Ya sha wahala kafin ya samu aikin nan, shekaru yana fama a ƙaramin ofis mai fanka ɗaya.

"Ni ban yi tunanin wannan ba sam..." Ya dafe kai. "Yanzu ya za mu yi?"

"Ni zan ajiye."

"Ke? Ana gab da ba ki manaja?"

"Manaja ta fi ka ne?" na faɗa a tausashe, har da sunkuyar da kai.

Idonsa ya ciko. "Zuciyata... da me zan saka miki?"

Na ji ɗan abu ya soke ni a ƙirji, amma na haɗiye shi.

Baba ne matsalar. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙaramin akawu a sashen kuɗi, yana zana jarrabawar zama cikakken akanta yana faɗuwa, har ya yi ritaya. Ranar da ni na ci, takardar shaidata bai bari ta kwana a ɗakina ba. Ya sa aka yi mata firam ya rataye a falo, saman talabijin, kuma duk Asabar da kansa yake goge ta. Ko mai gyaran famfo ya shigo sai an nuna masa.

"Ki ajiye me?" Baba ya miƙe tsaye. "Saboda namiji?"

"Baba, ƙa'ida ce..."

"Ƙa'idar ta ce ke kaɗai? Shi ba ya da hannun rubuta takardar ajiye aiki? Yaron da nake ganinsa da hankali, ashe son kansa ne fal cikinsa! Kada ya ƙara tako min ƙofar gida."

Mama ta ce, "Malam, a bi a hankali."

"Ke ma kin san hankali ne? Da kin san abin da takardar can ta ci, da ba ki ce komai ba."

Can gidansu Dogo kuwa mahaifiyarsa cewa ta yi ai ba abin tattaunawa ba ne, dama mace ce ke haƙuri. Maganar ta dawo kunnen Baba, wuta ta ƙara ruruwa. Ana ta cacar baki a kaina, ni kuwa a kwanakin nan na fara barci kamar jaririya. Har ƙiba na soma yi.

Baba yana zagin Dogo, ina ji, ina shiru.

Ƙwas-ƙwas ce ta ɓata komai, da azarɓaɓinta. Murna ta hana ta zama, tun ban miƙa takarda ba ta fara tattara kuɗin walimar bankwana. Ranar da aka tura ta kamfanin fenti karɓo wasu fayiloli, sai da ta leƙa ofishin Dogo ta zuba masa daɗin baki.

"Kai kam ka dace! Mace ta zubar da wahalar shekaru saboda kai. Kullum sai ta shige banɗaki ta kulle, ta fito ido jawur. Ka riƙe ta da kyau, ka ji?"

So take ta ƙara ɗaure auren don kujera ta zama tata. Ba ta san irin mutumin da take gaya wa ba.

Washegari da tsakar rana ya kira ni, ya ce in sauko wajen ajiye motoci. Na same shi jingine da motata, babu taye a wuyansa, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Mai Koren Biro, ki koma ki gaya wa Oganki ya ba ki kujerarki."

"Ban gane ba..."

"Na ajiye musu aikinsu. Yanzun nan."

"Ka yi me?"

"An gaya min kukan da kike yi a ɓoye. Ba zan ci abinci da hawayenki ba, masoyiyata. Aiki zan samu wani."

"Wa ya aike ka?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa.

"Na ce wa ya aike ka!" Muryata ta fashe, har maigadi ya waigo. "Ka tambaye ni? Ka koma ka ce musu wasa kake yi! Ka koma yanzu!"

"Sun riga sun karɓa... Ke, lafiyarki kuwa? Don ke fa na yi."

"Don ni? Ƙofa ɗaya tak Allah ya buɗe min, ka zo ka toshe! Na gaji, Dogo! Na gaji da ofishin nan, na gaji da fayil, na gaji da muryar Oga! Ba kuka nake yi a banɗaki ba, zama nake a kan murfin masai in rufe ido, don nan ne kaɗai ba mai kirana!"

Sai da na yi shiru na ji abin da na faɗa.

Da ya yi magana, a hankali ya yi, kuma da ihu ya yi min da ya fi sauƙi.

"Wato dama fita kike so."

"Dogo..."

"Kika bar Baba yana kirana mai son kai. Kika bar ni ina kwana ina tashi da nauyin abin da kika yi min, ina tunanin har in mutu ba zan iya biyanki ba. Ashe ni ƙofa ce."

"Wallahi ina sonka!"

"Wataƙila. Amma ranar nan ba ni kika zaɓa ba." Ya ɗauki jakarsa daga kan mota. "Barci kika zaɓa."

Ya juya ya tafi. Na bi bayansa da ido har ya fita get, bai waigo ba.

Aka ba ni manaja. Aka ba ni ofis mai taga da kujera mai juyawa, Ƙwas-ƙwas ta mayar wa mutane kuɗin walimarsu tana cika tana batsewa. Baba ya sayo lemo ya raba wa maƙwabta, ya ce ashe yaron nan ɗan halak ne, a ce masa ya zo. Na ce to. Ban gaya masa yaron ya daina ɗaukar wayata ba.

Aiki ya ninku. Yanzu ba nawa kaɗai ba, har kuskuren na ƙasa da ni a wuyana yake. Wata safiya na ɗauki biro zan sa hannu a rahoto, hannun ya ƙi tsayawa. Na sa hagu na riƙe dama, na yi wani zane kamar na ɗan aji ɗaya. Na zauna ina kallonsa. Babu sauran wanda zan laɓe a bayansa.

Ranar Asabar na sami Baba a falo, ya hau kan ƙaramar kujera da tsumma yana goge firam.

"Baba, magana nake so mu yi."

"Ina jin ki, manaja."

"Zan ajiye aikin."

Tsumman ya tsaya. "Wa kuma ya ce? Ba yaron ya janye ba?"

"Ba wanda ya ce. Ni ce. Tun farko ma ni ce, Baba, shi bai taɓa nema ba. Na gaji ne, na rasa bakin gaya maka, sai na laɓe a bayansa."

Ya sauko a hankali. "Gajiya? Wa ye bai gaji ba? Ni da na yi..."

Na miƙa masa hannuna, ban danne shi ba wannan karon. Ya tsaya yana kallon yadda yake kaɗawa. Ya kama shi da nasa biyu, ya matse, ya saki, rawar ba ta daina ba.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Kuma kullum kina ce min lafiya lau."

Sai a lokacin kukan da na jira a banɗaki ya iso. Baba bai rarrashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya koma kan kujerar, ya cire firam daga ƙusa, ya miƙo min. Inda firam ɗin ya zauna shekaru fentin bangon ya fi sauran haske.

"Ungo. Taki ce, ba tawa ba, ba ta Oganki ba. Ki kai ta inda za ki iya."

Ranar bai ci abinci da mu ba, kuma ya yi kwanaki ba ya sakin fuska. Amma bai hana ni ba.

Oga ya yi tayin ƙarin albashi, ya yi tayin hutu. Na ce masa a'a, na gaji ne, kuma na faɗa da bakina ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ƙwas-ƙwas ta samu kujerarta. Na bar mata har da maganin ciwon kan da ke cikin durowa, don na san za ta neme shi.

Na samu aiki a wata ƙaramar makaranta, ni kaɗai ce akanta, ana tashi in yara sun tashi. Albashin bai kai rabin na da ba. Na yi barci. Na yi ta barci har Mama ta fara leƙowa tana duba ko ina numfashi.

Ban nemi Dogo ba sai da hannuna ya daina rawa.

Aikin kamfanin fenti tuni an ba wani. A shagon kayan mota na wani abokinsa na same shi, can ciki, a kan teburin da aka tallafe ƙafarsa ɗaya da kwali, yana jera rasit. Ya rame. Ya ɗago ya gan ni, ya mayar da kai.

"Manaja. Bincike aka zo yi?"

"Ba ni da koren biro yanzu. Na ajiye."

"Na ji." Ya juya wani rasit. "Baba ya zo nan da kansa. Ya ba ni haƙuri... Tsoho kamar wannan, a tsaye, gaban yaran shago."

Ban san ya zo ba.

"Ni ya kamata in fara zuwa. Ka yafe min, Dogo. Na ja maka asarar aikin da ka daɗe kana nema, kuma ba ni da yadda zan dawo maka da shi."

"Ni ma da na tambaye ki kafin in yi gwaninta..." Ya ja tsaki a hankali. "To yanzu me ya kawo ki? Wace ƙofar kike nema?"

"Babu. Ba abin da ke korata yanzu." Na matsa har gaban teburin. "Ka ce barci na zaɓa, kuma gaskiyarka ne. To na yi barcin. Na yi har na ƙoshi, na tashi, na wartsake, na duba ko'ina... har yanzu kai nake so."

Ya ajiye rasit ɗin da ke hannunsa. Na ga gefen bakinsa yana motsi, yana ƙoƙarin hana shi.

"Kin san ba ni da ofis mai sanyi yanzu?"

"Na gani. Ko fanka ɗayar ma babu."

Dariyar ta ƙwace masa, idonsa kuma ya kawo ruwa. Ya sa ƙafa ya jawo wata kujerar roba, ya goge ƙurar da hannun rigarsa.

"Zauna, zuciyata. Ya aiki?"

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, ya ɗaga min yatsa.

"Gaskiya nake so."

Na zauna, na ajiye jakata a ƙasa, na fara gaya masa.