Rigar Baba Yakubu

Liyatu na tsugune tana wanke-wanke a tsakar gidansu da ke Magama, bakin iyakar Jibiya, mahaifiyarta Mama Tabita ta shigo da rigar Filibus a hannu, idonta jawur.

"Aje kwanon nan, ɗiyata. Aurenku da Filibus babu shi."

"Mama, mi ya yi?"

"Bai yi komi ba. Mai Gani ya riƙa rigarshi, ya ce mutuwa na biye da shi. In kin aure shi, ba ya ganin yankan gero."

Mai Gani wani mai wa'azi ne da ya kafa rumfa kusa da tasha, yana kiran kansa annabi. Aikinsa ɗaya: a kai masa rigar mutum, ya rungume ta, ya yi ta makyarkyata, sannan ya faɗi abin da wai Ubangiji ya nuna masa. Mata sun bar coci sun koma rumfar, Mama Tabita ce a sahun gaba.

Filibus malamin makaranta ne a Maraɗi, kuma har an fara sanarwar aurensu a coci. Liyatu ta yi kuka, ta yi roƙo. Fasto ya zo da kansa ya ce, "Mama, annabci gwada shi ake yi. Ki jira kaka ki gani." Mama ta ce ba za ta yi gwaji da ran ɗan mutane ba. Ta sa aka kwashi akwatunan lefe aka tsallaka da su Maraɗi, a gaban 'yan duwan, wato kwastan na bakin iyaka, waɗanda suka taya su murna ranar kawowa.

Filibus ya kira Liyatu a waya.

"Liyatu, tsohuwata ko kasuwa ba ta iya zuwa don kunya. Amma ina jiranki."

"Ka jira ni, don Allah. Gero ya kusa."

Aka yanke gero, aka ɗaure, aka zuba rumbu. Filibus ko ciwon kai bai yi ba. Liyatu ta ruga wurin uwarta da murna, sai ta tarar Mai Gani ya riga ta.

"Kin gani ko?" in ji Mama. "Ya ce fasa auren ne ya cece shi."

Ranar ce zuciyar Liyatu ta karaya. In Filibus ya mutu, annabi ya yi gaskiya; in ya rayu, annabi ya yi gaskiya. Ta daina musu, ta rame, ba ta fasa yi wa uwarta hidima ba. Wayar Filibus ta fara ja baya, don danginsa sun matsa masa lamba.

Wata safiya tana shanya kayan marigayi mahaifinta, Baba Yakubu, ta tsaya da shuɗiyar rigarsa a hannu.

"Mama, abu guda nika roƙo, daga shi ba ni ƙarawa. Ki kai mashi wagga riga. Kada ki ce ta wane ce."

Mama ta karɓa, don ta rufe bakin 'yarta. Suka tafi tare. Mai Gani ya rungume rigar, ya yi makyarkyatarsa, ya ɗaga murya.

"Mai rigar nan yana da sauran shekaru masu yawa! Na gan shi cikin sabuwar mota, yana dariya!"

Jama'a suka ɗauki tafi. Mama Tabita, wadda ta rufe idon mijinta da hannunta, ta miƙa hannu ta zare rigar. Suna isa gida, ta durƙusa gaban 'yar cikinta tana kuka.

Washegari ta sayi goro ta hau motar Maraɗi don ba da haƙuri. Liyatu ta wuni a bakin shingen iyaka tana leƙen kowace mota. Da la'asar Mama ta sauko, ƙullin goron na hannunta ba a kwance ba.

"An ɗaura mashi aure ran Asabar, ɗiyata. Da akwatunanki aka kai lefen."

Liyatu ta karɓi goron, ta riƙe hannun uwarta suka nufi gida. Haƙurinta ya fito da gaskiya, amma bai dawo mata da Filibus ba. Duk wanda ya ce Ubangiji ne ya aiko shi, a gwada maganarsa tun kafin a rushe gida a kanta, don gwajin da Mama ta yi da rigar mamaci, da ta yi shi tun farko, da yanzu Liyatu na ɗakinta.