Taguwar Baƙin Damagaram

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, kuma ban san abin da ya kai ni ba. Ga shi dai.

Ranar kasuwar Maigatari aka kira Sufeto Ɗalha zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi. Manyan fataken Nijar da na Najeriya sun taru don su sasanta, dabbobi su dawo bin babbar hanya bayan doguwar rufe iyaka. Baƙin sun kawo kyautar taguwa da ɗanta. Ana sallar azahar uwar ta ɓace.

"Sufeto," in ji Alhaji Habibullah, jagoran mutanen Damagaram, "waɗanda suka kasa riƙe raƙuma ɗaya, su za mu damƙa wa garke? In la'asar ta yi babu ita, mun juya, maganar ta mutu."

Ɗalha ya durƙusa a turken. An kwance dabaibayin a tsanake, ba a yanke ba. Wanda ya yi wannan ba ya tsoron a gan shi a wurin.

"Manu, kai ne mai tsaro. Ina kake?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Kana nan raƙuma ta wuce ka? Kaza ce?"

Manu ya sunkuyar da kai. "Masallaci na je. Baba Sha'aibu dillali ya ce zai duba mini."

Sha'aibu bai ko tashi daga tabarmarsa ba. "Sufeto ɗana, wannan Manu ya ruɗe ne. Tun hantsi ina rumfar nan."

Ɗan taguwar kuwa sai kuka yake, yana fizgar igiya ta gefe guda. Ɗalha ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ga kofur ɗin da suka zo tare.

"Kofur, sake shi."

Suka bi shi lungu-lungu har wani kango a bayan gidan Sha'aibu. Daga ciki uwar ta amsa. Ɗalha ya sa aka kawo Sha'aibu.

"Me ya sa, Baba?"

Sha'aibu ya share gumi. "Tun da aka rufe iyaka ni ke ratso da dabbobinsu ta daji. In gwamnatoci da fatake sun shirya, wa zai neme ni? So na yi su tafi da fushi."

Aka sa masa ankwa. Alhaji Habibullah ya kalli ɗan yana tsotso, ya ce a hankali, "A mayar da tabarmi, mu zauna."

Ni ma bari in sulale, tun hankalin kowa yana kan raƙuman.