Uwar Cikin Waya

Lanfang na zaune a bakin gado tana shayar da Tongtong, jaririyarta 'yar wata huɗu. Mijinta Dehai ya jingina waya da tukunyar shinkafa, fuskar mahaifiyarsa ta cika gilashin. Ɗaki ɗaya ne a unguwar Sunset Park ta Brooklyn, nan ƙasar Turawa, gado a nan, murhu a can, katako ne kawai tsakaninsu da maƙwabta, in wani ya yi tari kowa sai ya ji. Safiyar Litinin ce, ranar da Dehai ke dawowa daga gidan abincin da yake suya a Pennsylvania. A can ƙasarsu ta asali kuwa, a ƙauyensu na Changle, yamma ta yi, tsohuwa ta ci ta ƙoshi, ta samu ƙarfin magana.

"Ku aiko mini ita," in ji tsohuwar. "Kai kana gaban wuta kwana shida, matarka tana durƙushe tana goge faratan Turawa. Wa zai riƙe jikata, bango? In ta kai shekara biyar, lokacin makaranta, sai ta dawo muku da ƙibarta."

"Mama, ai ko zama ba ta fara ba," in ji Lanfang a hankali.

"To, ai gara yanzu da ba ta san ki ba. Ba za ta yi kuka ba."

Ku ji fa, wai wannan lallashi ne. Amma kada in yi wa tsohuwa sharri, ba ita ta ƙirƙiro abin ba. Mu mutanen Changle da ke wannan unguwa haka muke yi: a haihu a nan, a tura gida, a karɓo bayan shekara biyar. Har muna da mata na musamman da sana'arsu ke nan, su goya jaririn wata su hau jirgi da shi. Duk wadda ta ƙi, sai a ce ta zama Baturiya.

Da aka kashe waya Lanfang ta dubi mijinta. Wannan shi ne Dehai ɗin da ya riƙa ƙara mata dunƙulen kifi biyu a ɓoye cikin kwanon miya lokacin da yake aiki a shagon taliya, har mai shago ya kama shi ya ce ko ya aure ta ko ya biya. Shi ne ya taɓa tafiya a ƙasa cikin ƙanƙara don kai mata safar hannu. Ta yi zaton zai ce wani abu.

"Uwar Tongtong, kowa ma haka yake yi," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Ni ba kowa na aura ba, kai na aura."

"Uwata ce fa. In ce mata me? In ce ban yarda da hannunta ba, hannun da ya raine ni?"

"Ka ce mata nono na zuba. Ka ce mata takarduna ba su fito ba, in na sa ƙafa na fita ƙasar nan ba dawowa. Shekara biyar, Dehai, ko fuskarta ba zan shafa ba."

"Akwai bidiyo kol."

Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Bayan sati uku Anti Guifen mai kai jarirai ta zo da jakarta. Lanfang ta dafa siririyar taliya da ƙwan agwagwa biyu, abin da muke ba duk mai tafiya ko mai dawowa don ya sauka lafiya. Mai tafiyar ba ta da haƙori, don haka aka ɗiga mata romo a leɓe. A filin jirgi Tongtong barci take yi, ba ta yi kuka ba, kamar yadda kakarta ta faɗa. Lanfang ce ta dawo gida rigarta jiƙe da nono, ta kwana uku tana ɗaure ƙirji da zane, rana ta huɗu ta koma shagon farce.

Daga nan rayuwarta ta koma ƙarfe bakwai na safe. Kafin ta fita aiki sai ta shafa hoda, ta gyara gashi, ta kira. A waya ta ga haƙorin farko. A waya ta ga takun farko, shi ma rabi ta gani, don tsohuwa ta juya wayar tana nuna rufin ɗaki. Akwai wata waƙar raino ta kwale-kwale da agwagi da ta koya a wurin tata uwar, kullum da ita take rufe hira. Yarinya ta girma, ta iya cewa Mama, in an ce ta sumbaci Mama sai ta manna baki a gilashi. Matan shago suna ce wa Lanfang ta yi sa'ar suruka. Ita dai ta san abin da take haɗiyewa tare da shinkafarta.

A shekara ta huɗu mahaifin Dehai ya rasu. Shi da yake takardunsa sun fito, ya je jana'iza ya yi kwana goma. Ya dawo da hotuna da busasshen kifi, da wani irin shiru da Lanfang ta ɗauka na makoki ne.

Shekara ta biyar na kamawa ta je makarantar unguwa ta sa sunan Tongtong. Suka kama ɗaki mai ɗan faɗi a gidan dai da suke, ta sayi ƙaramin gado da jakar makaranta ja. Wata Asabar tana sayen ganye a bakin titi ta haɗu da Anti Guifen.

"Anti, watan bakwai ne ko na takwas za ki ɗauko mana ita?"

Matar ta tsaya da leda a hannu. "Ke, wace irin tambaya ce wannan? Ai mijinki ya soke tun watan jiya. Ya ce sai ta gama firamare a can. Ba ku yi maganar ba?"

Lanfang ta ajiye ganyen, ta tafi gida ba tare da ta sayi komai ba. Ta jira Litinin. Da Dehai ya shigo ta bar shi ya cire takalmi, ta zuba masa shayi, sannan ta ɗauko jar jakar ta ajiye a gabansa.

"Ka mayar wa masu shago. Ka ce mai ita sai ta shekara goma sha biyu."

Fuskarsa ta canza. "Wa ya gaya miki?"

"Mai ɗaukar kaya. A titi na ji labarin 'yata, gaban mai sayar da ganye."

"Ki saurare ni. A gaban gawar Baba ta riƙe hannuna, ta ce in na ɗauke yarinyar nan to in haƙa rami biyu. Gidan nan hawa uku ne, ita kaɗai a ciki. Me kike so in yi?"

"Ni kuma a gaban gawar wa zan riƙe hannunka kafin ka ji ni?"

"Haba, Lanfang—"

"Shekara biyar ban taɓa ɗaga wa uwarka murya ba. Na ce haƙuri, ranar na zuwa. Ashe kai ka sayar da ranar tun bara kana kallona ina sayen gado."

Ta yi kuka har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa katako tana tambaya ko lafiya. Ƙawayenta sun ce ta tattara ta bar shi, namiji ba ɗan goyo ba ne. Ba ta tafi ba, don tana son sa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona mata rai. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana wanke masa kayan da ke warin mai, amma magana ba ta wuce ga shi, na gode. Abu ɗaya ta roƙa, ranar Litinin ya zauna a kiran safe daga farko har ƙarshe, ya daina gaisawa yana tashi.

Litinin ta uku Tongtong ta zo gaban waya da takarda a hannu. Malama ta ce kowa ya zana mutanen gidansu. Ga Kaka da ƙaton kai, ga Tongtong riƙe da hannunta, ga agwagwa. A gefe can kan tebur akwai wasu akwatuna biyu masu ido da baki.

"Waɗannan fa?" in ji Dehai.

"Wannan Mama ce. Wannan ƙaramin akwatin kuma kai ne, don kai ba ka cika zuwa ba."

"Ina ƙafafun Mama?"

Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, Mama ai ba ta da ƙafa. Caji ake sa mata."

Tsohuwa ma ta yi dariya daga bayanta. Dehai bai yi ba. Ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe, famfo na zuba. Da ya fito ya durƙusa gaban matarsa, ya kama hannunta mai warin man farce.

"Na cuce ki, Uwar Tongtong. Da kaina zan je."

Ya je ɗin. Abin da ya faru tsakaninsa da mahaifiyarsa bai taɓa faɗa mana duka ba, mun dai ji ta ɓoye fasfon yarinyar a cikin buhun shinkafa, ta kira shi bawan mace a gaban dangi, ta bi mota da ƙafa har bakin gada. Ban ga laifin hawayenta ba. Ita ma raino ta yi, an zo an ɓamɓare.

Ranar da suka sauka Lanfang ta dafa taliya da ƙwan agwagwa, ta sa rigar da ta fi sawa a kira. Ƙofa ta buɗe, ga yarinya doguwa, ta fi yadda waya ke nuna ta. Lanfang ta durƙusa ta buɗe hannu. Tongtong ta laɓe bayan akwati.

"Baba, wace ce wannan antin?"

"Mamarki ce."

"Ƙarya ne. Mamata 'yar ƙarama ce, bayan cin abinci take zuwa."

Ta ƙi taliyar, ta ture kwano har ƙwai ya gangara ƙarƙashin gado. Da yamma ta yi, ƙarfe bakwai, lokacin da ta saba, ta rungume wayar ubanta tana kukan a kira mata Mama. Mamar tana tsaye a kanta da cokali a hannu. Dehai ya ɗaga murya zai yi faɗa, Lanfang ta riƙe shi.

"Bar ta. Ba ita ta yi ƙarya ba, mu muka koya mata."

Ta ɗauki wayarta ta fita, ta shiga banɗakin da ke jikin ɗakin, ta zauna a bakin baho, ta share ido, ta kira. Nan take yarinya ta washe baki. Ta ba Mama labarin jirgi, ta kai ƙarar wata anti da ke son taɓa ta, tana ba ta abinci marar daɗi. Lanfang ta ce, "Ki yi haƙuri da ita, tana son ki ne." Ta yi mata waƙar kwale-kwale a hankali, murya ƙasa-ƙasa.

Haka suka yi kwana ashirin da shida. Da rana Anti ce, mai wanka da kitso da kai makaranta, ba a ko kallon ta. Da yamma Mama ce a bakin baho. Dehai ya ajiye aikin Pennsylvania ya kama yankan kifi a wani shago na nan unguwa, don ya ce ya gaji da zama ƙaramin akwati. Shi ke riƙe wa yarinya waya, kansa a sunkuye.

A yamma ta ashirin da bakwai mura ta kama Lanfang, tana cikin waƙa tari ya sarƙe ta. Na faɗa muku katakon gidan nan ba ya riƙe sirri. Tongtong ta ji tari a waya, ta ji shi ta bango. Ta ɗaga kai. Ta sauko daga gado da wayar a hannu, ta bi muryar har ƙofar banɗaki, ta tura. Ta kalli gilashi, ta kalli matar da ke zaune, ta sake kallon gilashi. Sannan ta miƙa yatsa ta taɓa kumatun Lanfang, ta duba ƙafafunta.

"Kin fito?"

"Na fito, 'yata."

"To kar ki koma."

Yau shekara uku ke nan. An yi wa Tongtong ƙane, tsohuwa ta ce a aiko, Dehai ya ce, "Mama, wannan a nan zai yi haƙori." Ta yi wata biyu ba ta ɗaga masa waya. Lanfang ce ta yi ta kira har aka ɗaga, kuma ita ce har gobe take jingina waya da tukunya ƙarfe bakwai na safe, ta ce wa Tongtong ta zo ta gaida Kaka. Yarinyar ta fara manta yarenmu, tana gaisawa da Turanci tana waigen ƙofa. Tsohuwa ta ƙanƙance a gilashi, tana manna baki tana sumbatar iska. Da ƙawayen Lanfang suka ce ai alhaki ne, sai ta ce su bari, ita ta san nauyin zama a cikin waya, ba ta fatan sa ko ga wadda ta sa ta a ciki.

Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, Lanfang ta sha nata, mijinta da 'yarta sun dawo hannunta. Amma ku matasa masu shirin aure a ƙasar wasu, ku ji da kyau: biyayya ga iyaye wajibi ce, sai dai kada namiji ya yi ta da abin da yake na matarsa, kuma kada ya ɗaure alkawari a bayan idonta. Haƙuri ya dawo wa Lanfang da 'ya mai shekara biyar. Jaririyar da ta miƙa wa Anti Guifen a filin jirgi kuwa, har yau ba wanda ya dawo mata da ita.