Famfon Iska Lamba Sha Bakwai

Rana ta karkata lokacin da Rabe makaniki ya bar Yusufari a bayansa ya shiga rairayi. Mashin ɗin ofis ne a ƙarƙashinsa, galan ɗin mai ɗaure a baya, takarda guda a aljihun gaba. Takardar nan ita ta fito da shi.

A shekarar 2004 ne. Ofishin da Rabe ke wa aiki a Gashua yana da famfunan iska arba'in da ɗaya, warwatse tun daga Nguru har bakin iyakar Nijar. Dogon ƙarfe ne da fanka a samansa, iska ta juya fankar, ruwa ya hau daga rijiya ya zuba a kwami. Da can makaniki yana zagaya su ne ranar da ya ga dama. Sai aka kawo kwamfuta. Aka zuba mata lambar kowane famfo, da ranar da ya sha mai, da ranar da zai sake sha. Duk Litinin Sadiya, ma'aikaciyar da ke zama gabanta, za ta danna ta fito da takarda: je ka wuri kaza, yi kaza da kaza. Ka dawo da takardar da dangwalen bulama, wato mai garin ƙauyen, lambar ta koma kore. Ba ka dawo da ita ba, ta yi ja, kowa ya gani har masinja.

Lamba Sha Bakwai, ta Rijiyar Falmata, ita ce mafi nisa. Sau ɗaya tak Rabe ya taɓa zuwa. Ya tura mashin awa biyu cikin rairayi, ya dawo yana tafiya kamar mai kaciya. Tun daga ranar, in takardarta ta fito, sai ya zarce unguwar Katuzu, ya zauna gindin darbejiya, ya cire takalmi, ya shafa tawada a babban yatsan ƙafarsa ya dangwala. Shekara biyu kwamfuta tana haɗiyewa ba ko tari.

Ran nan da safe Injiniya Mahfuz, shugaban ofishin, ya kira shi.

"Malam Rabe, bulaman Rijiyar Falmata yana nan lafiya?"

"Ƙalau, ranka ya daɗe. Har yana gaishe ka."

"Ikon Allah. Mutumin da ya rasu bara waccan. Ƙauyen ma duk sun tashi, rairayi ya cinye gidajen." Ya ɗaga takardar wajen taga. "Sadiya, duba min, wannan yatsan mutum ne ko na raƙumi?"

Sadiya ta toshe baki da mayafi.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce marfin akwatin giyar da ke saman kowane famfo, inda ake zuba mai, yana da lambarsa a jiki. Rabe ya je ya zuba mai, ya kwance marfin, ya toshe wurin da buhu, ya kawo marfin a gani da ido. Gobe ƙarfe takwas. In ba marfi, ya ajiye makullin mashin ya kama gabansa.

Shekarunsa arba'in da shida. 'Ya'ya shida, ga tsohuwarsa da ido ya tafi. Ina zai kama? Shi ya sa bai tsaya ko cin abinci ba.

Sau uku mashin yana nutsewa. Ya sauka ya tura, ya hau, ya sake sauka. Da ya hau tudu na ƙarshe, sai ya ji shi kafin ya gan shi.

Ƙiii, ƙaƙ. Ƙiii, ƙaƙ.

Kukan ƙarfen da ya daɗe bai ga mai ba.

Famfon yana can ƙasan kwari, tsakanin goriba biyu. Gidajen ƙauyen sai saman katangu ake gani, sun leƙo daga rairayi. Ba kaza, ba kare, ba hayaƙi. Amma fankar tana juyawa, ruwa yana zuba, kwamin ya cika har baki.

Rabe ya kashe mashin. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Ba iska. Ko ganyen goriba ba ya motsi.

Ya ce a ransa, wata ƙila can sama akwai. Ya ciro takarda ya karanta, ko da yake ya san abin da ke ciki. Na ɗaya: tsayar da fanka kafin ka hau. Haka aka koya musu, don fanka mai juyawa ta taɓa share wani makaniki daga sama. Ya kama hannun birkin da ke gindin ƙarfen ya murɗa. Waya ta miƙe, jelar famfon ta naɗe, fankar ta yi ƙiii ta tsaya. Ya sa sakata ya kulle.

Ruwan ya yi ɗis, ɗis, ya ɗauke.

Shirun da ya biyo baya bai yi masa daɗi ba. Ya rataya galan da jakar kayan aiki, ya yi bismilla, ya kama tsani.

Hawa talatin da biyu ne. A sama akwai katako ɗan ƙarami, daidai tsugunon mutum ɗaya. Ya sa sifana, kusoshi huɗu suka fita da ƙyar. Ya ɗaga marfin, ya goge shi da hannun riga. Ga lambar nan, sha bakwai, raɗau. Ya cusa shi cikin riga, sanyin ƙarfen ya taɓa cikinsa, ya ji ransa ya dawo. Cikin akwatin kuwa ba ɗigon mai, haƙoran giya sun yi fari don ci.

Yana buɗe galan sai warin ya taso. Warin raƙuma, da na awaki, da hayaƙin turaren wuta.

Ya leƙa ƙasa.

Ba kowa. Amma rairayin yana lotsawa. Sawu yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, daga bayan tudu zuwa kwami. Faffaɗan sawun raƙumi. Ƙananan kofato. Sawun mutane, manya da yara, dogaye fiye da kima. Suna ta ƙaruwa har suka kewaye mashin ɗinsa.

Sai ƙarar sha. Zuuut, zuuut. Ruwan kwamin yana sauka a gaban idonsa.

A nan ne ya tuna. Zuwansa na farko ma da yamma ya iso, ya kai hannu kan birki, wata tsohuwa ta buge masa hannu da ludayi. Ta ce, "Ɗan nan, mu da safe muke ɗiba. Yamma ta maƙwabta ce. Ba a tsayar da shi bayan la'asar." Ya kwana a ƙauyen ya yi aikin da hantsi, ya dawo ofis ya ba da labarin ana ta dariya. Ba wanda ya gaya wa kwamfuta.

Harshe ya karci gindin kwami. Ruwa ya ƙare.

Wani jariri ya fara kuka. Siririn kuka, na wanda maƙogwaronsa ya bushe. Aka yi masa shhh.

Komai ya tsaya.

Rabe bai ga ido ko ɗaya ba, amma ya san duk sun ɗago kai.

Taŋ.

Ƙarfen tsani na farko.

Taŋ. Taŋ.

Katakon da yake kai ya fara rawa. Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya ya ɓata, ya koma farko, ya sake ɓata. Yana ƙirga hawan bai sani ba. Ashirin. Ashirin da tara. Talatin da ɗaya.

Numfashi mai zafi ya sauka a idon sawunsa.

"Wushe, makaniki."

Gaisuwar Barebari. Muryar tsoho ce, ƙasa-ƙasa, kamar ana zuba yashi a kwarya.

"W-wushe, Baba."

"Wa ya aiko ka ka kashe mana ruwa?"

"Takarda ce, Baba. Kwamfuta ce ta ce."

"Ita tana shan ruwa?"

"A'a."

"To ba ta sani ba. Kai za ka sani."

Yawun bakinsa ya ɗauke. Gumin da ya jiƙa masa riga ya bushe nan take, rigar ta yi ƙarau. Harshensa ya kumbura ya manne a ganɗa. Ya ƙifta ido, ya ji kamar yashi ne a ciki. Leɓensa ya tsage, jini ma ya ƙi fitowa.

"Damina biyu yana kuka ba mai," in ji muryar. "In iska ta kwanta, samarinmu ne ke tura shi da hannu. Yau ka zo, muka ce ga mai gyara. Ashe mai kashewa ne."

Ya so ya ce a yi haƙuri, sai iska kawai ta fita. Birkin yana ƙasa, a tsakiyarsu. Tsanin kuwa akwai mai shi. Ya lalubi jaka, ya samo filaya, ya kama wayar birkin inda ta biyo ta gefen katako. Ya matsa. Ta ƙi. Ya sa hannu biyu, ya sa haƙori ya ciji leɓe.

Tas!

Jelar ta warware, ta wuce ta saman kansa, ta tafi da hularsa.

Fankar ba ta motsa ba. Ba iska.

A ƙasa jaririn ya daina kuka. Wata mace ta fara kiran sunan yaron a hankali, tana maimaitawa, tana jijjiga shi.

Rabe ya tuntsura galan ɗin gaba ɗaya cikin akwatin, mai ya malalo masa har gwiwar hannu. Ya miƙe a kan katakon, ƙafa ɗaya a wofi, ya kama fiffiken fanka ya ja. Nauyi kamar ana jan saniya daga rijiya. Ya kama na biyu ya ja. Na uku. Bakin ƙarfen ya yanka masa tafin hannu. Idonsa ya fara rufewa, yana ganin baƙi-baƙi. Ya tuna tsohuwarsa zaune bakin ƙofa tana sauraron ƙarar mashin. Ya ja. Ya ja.

Can ƙasan rijiya wani abu ya yi gurrr.

Ya ja.

Ɗis.

Ɗis, ɗis. Shaaa.

Jaririn ya tsala ihu, mai ƙarfi wannan karon. Iska ta taso daga gabas, sanyi-sanyi, ta karɓi fankar daga hannunsa. Tana juyawa shiru, ba ƙiii ba ƙaƙ. Yawu ya dawo bakinsa. Ya durƙushe a katako yana haki, ya jawo buhu zai toshe akwatin.

"Marfin," in ji muryar.

Rabe ya dafe cikinsa. "Baba, don Allah. Jibi zan dawo da shi. In ban kai shi gobe ba za a kore ni. 'Ya'yana shida."

"Kafin jibi yashi ya cika shi. Namu sun fi shida."

"Kwana biyu kawai, Baba. Na roƙe ka."

Sai ya ji harshensa ya fara bushewa daga baya.

Ya ciro marfin. Ya dube shi, ya dubi lambar. Yana kuka kamar yaro ya ɗora shi a mazauninsa, ya mayar da kusoshi huɗun, ya ɗaure su tam.

Taŋ, taŋ, taŋ. Mai tsanin ya sauka ya ba shi hanya.

Ya sauko idonsa a ƙasa. Daga gindin ƙarfe zuwa mashin taku goma ne, bai taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Gashi mai ɗumi yana gogar kafaɗarsa. Wani abu ya shinshina wuyansa. Wani ɗan hannu mai sanyi, jiƙe da ruwa, ya taɓa yatsansa ya saki. Da ya taka mashin ya tashi, muryar ta zo daidai kunnensa.

"Wata uku-uku, makaniki. Kuma da safe."

Bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun masu shayi a Yusufari, ana kiran isha'i.

Washegari ƙarfe takwas yana gaban Injiniya Mahfuz, hannu naɗe da tsumma, ba hula, ba marfi. Ya faɗi duk abin da ya faru, bai rage ba bai ƙara ba. Tun da yake a ofishin nan ranar ce ya fara faɗar gaskiya tsantsa, ita ce kuma ba a yarda da ita ba.

"Da bulama matacce ne, yau kuma aljanu," in ji Injiniya. "Ajiye makullin."

Tunda ƙauyen ba mutane, aka ce Sadiya ta cire Lamba Sha Bakwai daga kwamfuta. Ta danna sau biyu, famfuna suka koma arba'in.

Rabe ya kwashe iyalinsa ya koma Nguru, ya kafa rumfar gyaran janareta kusa da tashar jirgin ƙasa. Wata rana a ci, wata rana a sha ruwa a kwanta. Ya ɗauka nisa ya raba su.

Wata uku cif, matarsa Maijidda ta tashi da asuba za ta ɗebi ruwan alwala. Moɗa ta daki gindin randa. Ta duba ta biyu, ta duba tulu, ta duba buta. Jiya da yamma ta cika su duka. Yau ko danshi babu.

Ta daɗe tsaye a tsakar gida. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko galan ɗin mai ta ajiye bakin ƙofa, ta taɓa ƙafar mijinta.

"Malam, tashi. An aiko."