Randar da Aka Hana Yin Gumi

A unguwar Umbadda da ke Omdurman a ƙasar Sudan, akwai wata yarinya mai son gyara. Ko abin da bai lalace ba sai ta gyara shi. Tana zaune da kakarta, wadda take kira Habboba.

A ƙofar gidansu akwai manyan randuna biyu a ƙarƙashin darbejiya. A nan ana kiran irinsu zir. Kowacce an naɗe ta da buhu. Habboba ta ajiye su ne sadaka saboda mijinta da ya rasu. Duk mai wucewa sai ya sha ruwa mai sanyi, ya yi wa marigayin addu'a.

Wata rana yarinyar ta lura ruwa na ɗiga daga gindin randunan. Jikinsu ma ya jiƙe sharkaf. Abin ya ba ta haushi, don daga nesa Baba Gwadabe yake kawo ruwan a keken jakinsa. Ta yanke hukunci cewa yoyo suke yi.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta kwance buhunan, ta naɗe randunan da leda, ta mayar da buhunan a kai. Ɗigar ruwa ta ragu. Ranar har tafiyarta sai da ta canza don jin kai.

Washegari wani mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya tsaya shan ruwa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye kofin. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka.

Nan fa kan kowa ya ɗaure. Aka zubar da ruwan aka sa sabo, bai yi sanyi ba. Aka ja randunan cikin inuwa sosai, duk a banza. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne. Ita kuwa gwanar gyara ta ce lallai zafin rana ne ke shiga, sai ta lallaɓa ta ƙara wata ledar.

Masu wucewa suka daina tsayawa. Habboba ta yi baƙin ciki ƙwarai, don addu'ar da ake yi wa mijinta ta yanke. Sai ta ɗora laifin a kan Baba Gwadabe. Ta ce yana barin tankinsa a rana, kuma za ta nemi wani mai ruwan. Ya rantse bai canza komai ba, ya tafi ransa a ɓace.

A makaranta, Ustaza Ghada, malamar kimiyya, ta sa kowa ya jiƙa hannu ɗaya ya kaɗa shi a iska.

"Wanne ya fi sanyi?" in ji ta.

"Jiƙaƙƙen!" in ji yaran.

"Idan ruwa yana bushewa, yana tafiya da zafi. Shi ya sa muke gumi. Zir ma haka yake. Yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa. Ruwa kaɗan ya fito, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi."

Yarinyar ta tuna da ledarta. Ta ɗaga hannu a hankali.

"Ustaza, to idan aka naɗe shi da leda fa?"

"Ai an hana shi gumi ke nan. Wa zai yi haka?"

Kunya ta rufe ta. Tana isa gida ta kwance buhunan a gaban kakarta, ta cire ledar, ta faɗi duk abin da ta yi.

Habboba ta kalli ledar, ta kalli jikarta. "Ya bitti, 'yata, ni na yafe miki. Amma akwai wanda na yi wa faɗa babu laifinsa. Tare za mu ba shi haƙuri."

Da Baba Gwadabe ya ji labarin, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce malesh, wato ba komai, ya cika randunan da kansa. Kafin la'asar ruwan ya yi sanyi, mutane suka dawo suna sha suna addu'a.

"Me kika koya?" in ji Habboba.

"Kafin in gyara abu, zan tambaya yadda yake aiki. Kuma ba zan ɓoye abin da na yi ba."

Habboba ta miƙa mata kofi. "Sha, ki yi wa kakanki addu'a."